Kumatun da Na Yi wa Nomau

Rabi, ke kika fi kowa damuna da tambaya a kan abin da ya shiga tsakanina da kawunku Lawali, don haka da sunanki zan fara, ƙannenki su karanta a bayanki. Kun taso kuna jin ana cewa ni na buɗe masa ido a sana'ar hoto, da ya yi suna sai ya juya mini baya. Ban taɓa faɗin haka da bakina ba, amma ban taɓa ƙaryatawa ba, domin maganar tana yi mini daɗi. To, ƙarya ce. Yau da shi da mahaifiyarku duk suna ƙasa, Allah ya jiƙansu, ni kaɗai na rage da sanin yadda aka yi. Idona kuma ya fara gazawa, gara in rubuta tun ina ganin layi.

A shekarar da soja suka karɓi mulki shagona yana Kalley, bayan babbar kasuwa kaɗan, kuma ba yabon kai ba, in ana lissafa masu hoto uku a Yamai sai an sa da ni. Kyamarata irin ta dā ce, akwatin katako mai ƙafa uku, mai wuya kamar zugazugin maƙera. In za ka ɗauki mutum sai ka tura kanka cikin baƙin ƙyalle, ka gan shi a kife a jikin gilashi, ka yi ta matsar da wuyan nan har gashin idonsa ya fito. Fim ɗinta falle-falle ne, kowane ya kai tafin hannu, mutum ɗaya falle ɗaya. Ina da labule biyu masu zane, ɗaya bene mai fitilu, ɗaya jirgin sama, ga agogo da rediyo da tabarau da kwat na aro, ɗan tebur ya shigo da rigarsa mai faci ya fita a takarda kamar minista. Amma ba waɗannan suka tara mini jama'a ba, hannuna ne. In na wanke fim, baƙin fallen nan da muke kira kilishe, wanda daga jikinsa ake buga hoto a takarda, sai in ɗora shi a kan gilashi mai haske ta ƙasa, in shafa masa ɗan mai, in ɗauki fensir mai tsini kamar allura in bi fuskar mutum a hankali. Mai ƙuraje ya fito sumul, ramamme ya yi kumatu, tsohuwa ta rage shekara goma. Inda fensir ya kasa, akwai 'yar wuƙa irin ta wanzamai da nake kankarewa da ita. Ra'ayina a lokacin, kuma har gobe ban sake shi duka ba, shi ne mutum bai zo wurina don ya ga yadda yake ba, madubi ya ishe shi wannan. Ya zo ne don a aika Maraɗi ko Tawa a ga yana cikin rufin asiri.

Kawunku Lawali ƙanen mahaifiyarku ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ya biyo ta daga Damagaram ya sami aiki a biro na kiwo, wato ofishin kula da dabbobi, yana buga takardu, ya yi aure ya kama gida a Gamkalley wajen masu lambu. Ba yaro ba ne, ya kusa talatin, mutum ne mai sanyin magana har ya ba ka haushi. Wata rana ya shigo shagona da wani abu rataye a wuya, wai wani Bature malamin lakkwal, wato makarantar boko, ne zai koma ƙasarsu ya sayar masa. 'Yar kyamara ce mai ido biyu, ɗaya bisa ɗaya, ba ƙafa ba ƙyalle. A kan ciki ake riƙe ta, a buɗe murfinta na sama a leƙa ƙasa. Fim ɗinta naɗi ne, hoto goma sha biyu ya ƙare. Na yi dariya har da buga tebur, don ƙanen mata abokin wasa ne, na kira shi da mushe, yadda ake kiran ma'aikata da Faransanci.

Na ce, "Mushe Lawali, wannan gwangwanin fa? Shayi za ka riƙa zubawa a ciki?"

Ya ce, "Yaya, taka tana sa mutum ya sandare. Wannan kuwa kaina a sunkuye yake, kamar mai gaisuwa, sai su manta da ni."

Na ce, "To Allah ya ba da sa'a, mai hoton sunkuye."

Ba shi da ɗakin wanki, saboda haka in ya cika fim sai ya kawo mini in wanke in buga masa. Iyakar koyarwar da ake cewa na yi masa ke nan, kun ji. Ba ya amfani da labule, ba ya amfani da fitila, hasken safiya ne ko na la'asar, kuma ba ya ce wa kowa ɗaga haɓa ko gyara hula. Sai ya zauna da mutane ya yi ta hira har su gaji da kallonsa, sannan ka ji ƙyas. Sharaɗi ɗaya ya yi mini tun farko, yana murmushi, wai kar fensirina ya kusanci kayansa. Na ce masa ko roƙona ya yi ba zan ɓata fensir a kan hoton awaki da masu ban ruwa ba.

Sai fari ya kai inda ya kai. Damina ta yi ta zuwa hannu sake, dabbobi suka ƙare a arewa, mutane suka gangaro Yamai da ƙafa. Aka tara su a wani fili bayan gari ta arewa, can wajen da gidajen su Bobiel suka cinye yanzu, a lokacin daji ne sai ƙaya. A ƙarƙashin mulkin da ya gabata ba a son a ɗaga murya da maganar yunwa, kowa ya san da filin nan, kowa yana kau da kai. Lawali kuwa da an tashi daga biro sai ya hau mobilet ɗinsa, ɗan ƙaramin babur, ya nufi can. Na ce masa wa zai rataye hoton yunwa a ɗakinsa, ya ce shi ma bai sani ba. Ranar da ya kawo fim na farko daga filin, na shiga ɗakin wanki ina tsaki. Na sa takarda a ruwan magani ina kaɗawa, sai ga wani Bafillace yana fitowa a hankali, tsaye, riƙe da igiyar ɗaure maruƙa, ta sauka har ƙasa, babu ko ɗan maraƙi ɗaya a jikinta. Ba ya kuka, ba ya roƙo, kallon gefe kawai yake yi. Na tsaya ina kallo har takardar ta kusa ƙonewa a maganin. Shekara goma sha biyar ina hoto, ban taɓa yin wanda ya sa ni manta hannuna a ruwa ba. Wallahi abin da na ji a ƙirjina ba tausayin Bafillacen ba ne, baƙin ciki ne tsagwaronsa. Da na fito Lawali ya tambaye ni yaya na gani, na ce haske ya yi yawa ta gefen hagu.

Da soja suka hau, cikin bazara, sai magana ta juya. Su so suke duniya ta gani, don a kawo hatsi. Wata safiya wani laftana ya tsaya da mota a ƙofar shagona. Na san shi, ni na ɗauki hoton aurensa, ga shi ma rataye a bango, na cire masa wani tabo a goshi wanda ko matarsa ba ta san na cire ba. Na miƙe ina gyara riga, a zatona sababbin masu mulki ne suke son hotunan da za a rataye a ofisoshi, kuma wa za a nema in ba ni ba? Ya tsaya daidai ƙarƙashin hoton nasa, ko ɗaga kai bai yi ba.

Ya ce, "Nan ne ake samun Mushe Lawali mai hoto?"

Na ce, "Yakan zo, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Shef, shugabanmu, ya ga wasu daga cikin hotunansa. Ana son guda ashirin manya, za a rataye a zauren da ake karɓar baƙi masu kawo taimako. Kai ne mai wanke masa, ko? Madalla. A yi aiki da kyau."

Mai wanke masa. Ni, Habu, da sunana a rubuce a saman ƙofa da jan fenti. Na raka shi har mota ina ranka ya daɗe, na dawo na zauna, ranar ko mutum ɗaya ban iya ɗauka da kyau ba. Kwana uku tuwo ba ya wuce mini. Mahaifiyarku kuwa murna take, ta aika da goro gidan Gamkalley, tana ta faɗa wa maƙwabta ƙanenta zai shiga zauren manya. Ita ba ta iya ɓoye magana ba, kun san ta. A rana ta uku ta ɗauke kwanon da na ture, ta tsaya a kaina.

Ta ce, "Malam, tun da sojan nan ya zo shago ba ka da lafiya. Ko in ce ba ka da daɗi."

Na ce, "Zafi ne."

Ta ce, "Zafin bai hana ka ci ba shekaranjiya waccan. Lawali fa ƙanenka ne. In an kira sunansa, rabin naka aka kira."

Na ce, "Rabin nawa? Mai wanki aka ce da ni, Mariyama. Kamar mai wankin kaya a bakin kogi."

Ta ce, "To ai ka faɗa da bakinka. Ka yi istigfari, wannan abin da ke cinka ba shi da kyau."

Na daka mata tsawa na fita. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa na yi tsawar.

Kashegari Lawali ya zo da sabon fim a aljihu, ya miƙo mini da hannu biyu, abin da bai saba yi ba. Ya ce in kula da hoto na bakwai. Ya ba ni labarinsa a tsaye. Wani manomi ne daga arewacin Tawa, sunansa Nomau, ya zo filin da matarsa Hasiya, tana da tsohon ciki. Cuta ta riga ta kama shi a hanya, shi ma ya san ba tashi zai yi ba. Shi da kansa ya kira Lawali, ya ce a jingina shi da zana, ya ce, mai hoto, ɗauke ni, abin da ke cikin nan ya san fuskar ubansa. Bai taɓa tsayawa gaban kyamara ba a rayuwarsa. Saura hoto kaɗan a fim ɗin, ga fim ya yi wuya a gari, Lawali ya ɗauka sau ɗaya tak. Bayan kwana uku Nomau ya rasu.

Lawali ya ce, "Biyu nake so, Yaya. Babba na zaure, ƙarami nata. Na yi mata alkawari."

Na ce, "An gama."

Ina so ku lura, na ji labarin nan duka da kunnena. Ba zan ce ban sani ba. Na wanke fim ɗin, na shanya, ya bushe, na ɗaga na bakwai a haske na sa gilashin ƙara girma. Mu da muka saba, kilishe muke karantawa kamar takarda, baƙi fari ne, fari baƙi. Na ga mutum zaune ya miƙe bayansa da ƙarfin hali, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ƙasusuwan fuskarsa duk a waje, kumatu sun faɗa, ga tsagar gado ta taso daga gefen baki ta nufi kunne, layi-layi. Idonsa yana kallon mai kallo kai tsaye, bakinsa kamar zai yi murmushi bai ƙarasa ba, irin fuskar da uba ke yi wa jariri. Ya fi na Bafillacen nesa ba kusa ba. Nan take na ga zauren a raina, na ga Turawa da manyan soja sun yi cirko-cirko a gabansa, ana tambaya wa ya ɗauka, ana cewa Lawali, Lawali.

Bayan Azahar na rufe shago na sa sakata. Ka'idar sana'armu, wadda ko sabon shiga ya sani, ita ce ba ka taɓa kilishen da ba shi da na biyu sai ka fara buga ko da takarda ɗaya ka ajiye. Na tuna da ka'idar, takarda tana nan a kwali kusa da hannuna, na ƙi. Abin da nake gaya wa kaina shi ne sutura. Bawan Allah ya mutu, a ce ɗansa ya tashi ya ga ƙwarangwal? A ce baƙi su zo su yi kallon tsiraicin talakanmu? Ai gara in mayar masa da fuskarsa ta lokacin wadata, matar ma sai ta fi jin daɗi. Magana ce mai kyau, har yanzu in na faɗe ta sai ta yi kama da gaskiya. Amma can ƙasanta na san abin da nake so, so nake hoton nan ya zama irin nawa, ya daina tsayar da mutane.

Na shafa mai, na fiƙe fensir, na fara cike ramin kumatu. Nan na gamu da abin da ban lissafa ba. Hannuna ya saba da falle mai faɗin tafin hannu, wannan kuwa bai fi kwalin ashana da kaɗan ba, fuskar duka kamar farcen babban yatsa. Layin da zai ɓace a nawa, a nan sai ya fito ɓaro-ɓaro. Na gyara dama, hagu ta karkace, na gyara hagu, ƙashin kunci ya tsaya yana ƙyalli shi kaɗai. Har zuwa nan da na tsaya da an tsira, domin fensir ana goge shi da ɗan mai a auduga. Abin da wuƙa ta kankare ne ba ya dawowa. Na san wannan kamar yadda na san sunana, na kuma ɗauki wuƙar. Na kankare ƙashin kunci, na kankare na goshi, na bi gefen baki ina sulɓewa. Tsagar nan ta hana kumatun zama sumul, na bi ta layi-layi, inda wuƙa inda fensir, har ta tafi. Kafin a kira La'asar na gama, na buga ƙarami ɗaya. Wani mutum ya fito a takardar, mai kumatu, mai santsin fuska, irin waɗanda ke cike da bangon shagona. Ba zan ɓoye muku ba, da na gan shi sai na ji sanyi a raina, har yunwa ta kama ni.

Da yamma Lawali ya zo. Na miƙa masa sauran, sannan na miƙa wannan ina wani basarwa. Ya duba, ya sake dubawa, ya ɗauka ma na wani ne ya shiga cikin nasa, sai da ya ga zanar da hular a gwiwa. Ya wuce ni ya ɗauki kilishen ya ɗaga a hasken ƙofa, ya karkata shi yadda kankarar za ta nuna.

Ya ce, "Da wuƙa ka yi, Yaya?"

Na ce, "Inda ya kama."

Ya ce, "Ka buga ko ɗaya kafin ka taɓa?"

Na ce, "Ban buga ba."

Daga nan na hau shi da faɗa, don mai laifi ba ya son shiru. Na ce shi ba ya jin kunya, yana neman suna da haƙarƙarin bayin Allah. Na ce mutumin nan Musulmi ne, yana da haƙƙin a suturta shi. Na ce ni na san abin da mace take so ta ajiye a ƙasan akwatinta, shekara goma sha biyar ina yi musu, shi yaushe ya fara. Ya bar ni na yi ta zuba har na gaji. Da ya yi magana, muryarsa ba ta tashi ba.

Ya ce, "To, tunda don ita ka yi, gobe mu je tare ka ba ta da hannunka."

Ba yadda zan yi in ƙi. Da safe na hau bayan mobilet ɗinsa, karo na farko ke nan da na taka filin nan. Rumfunan zana ne da tsummoki da buhuna iyakar ganinka, ga layin mata da ƙore suna jiran rabon hatsi, ga wani shiru da ban taɓa ji a taron mutane ba. Ko'ina muka bi sai a ce mai hoto, sannu da zuwa, kuma ba da ni ake ba. Ko a nan, Allah ya yafe mini, sai da abin ya sosa mini rai. Muka sami Hasiya zaune a bakin rumfarta cikin takaba, ciki ya yi mata nauyi, tana tsince tsakuwa daga 'yar dawa a faifai. Ba ta fi shekara ashirin da biyar ba. Lawali ya yi mata gaisuwa, ya nuna ni ya ce ga babban mai hoto, shi ya wanke. Ta goge hannuwanta a zane sau biyu kafin ta karɓa. Ta daɗe tana kallo. Ta kai yatsa ta shafa kuncin mutumin daga gefen baki zuwa kunne, ta sake shafawa, ta matso da takardar kusa da ido, ta nisanta ta. Sannan ta miƙo mini da hannu biyu, da ladabi, har da ɗan murmushin ba da haƙuri.

Ta ce, "Malam, an yi musanye. Wanga ba Nomau ba na. Shi yana da tsaga, irin ta gidansu. Ku maida ma masu shi, kar su yi ta biɗa."

Na dubi takardar a hannunta.

Ta ce, "Ba komi, aiki ya yi muku yawa. In kun gano nashi ku kawo mani. Ina nan har ruwa ya sauka."

Lawali ya dube ni, yana jira. Ni kuwa na karɓi takardar na sa a aljihu na ce, to, in Allah ya yarda. Ta yi mana godiya, ta ce Allah ya kai mu gida lafiya.

A hanya ya tsayar da mobilet a gindin wata aduwa, bai juyo ba.

Ya ce, "Wa zai gaya mata babu wani, Yaya? Ni ko kai?"

Na ce, "Ni zan je. Ran Juma'a."

Ya ce, "To, na bar maka."

Juma'a ta zo, na ce sai an sauko daga masallaci, aka sauko na ce rana ta yi. Wata Juma'ar ta zo na sami wani dalilin. Ana cikin haka aka rataye hotunan a zaure, Bafillace mai igiya a tsakiya, kuma duk abin da na ji tsoro ya faru ba tare da Nomau ba. Sunan Lawali ya tashi, samari masu koyon hoto suka fara naɗe labulensu suna fita titi da kyamara a ciki, kowa yana sunkuyar da kai irin nasa. Ban rage masa ko ƙwayar gero ba. Soja suka ɗauke shi ya bi kamiyo, manyan motocin hatsi, zuwa arewa yana ɗauka, ya yi sama da wata biyu, ya tafi da zaton cewa na je wurin Hasiya. Ni kuwa kullum in na rufe shago sai in ce gobe. Abin da ke hana ni ba nisa ba ne, kunyar in tsaya gaban yarinyar nan in ce ni na goge mijinki da hannuna, ta tambaye ni don me.

Sai da ruwa ya sauka sau uku sannan na yi ta maza na tafi da ƙafa. Na tarar filin ya yi giɓi-giɓi, an kwashe mutane da yawa a kamiyo an mayar da su garuruwansu da irin shuka. Inda rumfarta take sai turaku huɗu da toka. Wata tsohuwa a rumfar kusa ta ce an tafi da su kwana biyar da suka wuce. Na tambayi sunan ƙauyensu, ta ce ita dai ta san wajen Tawa ne.

Ta ce, "Ta haihu, mace. Kai ne mai hoton? Kullum ta ji ƙarar mobilet sai ta fito da ɗiyar a hannu. Ran da za su tafi ma sai da ta sa direba ya ɗan jira."

Da Lawali ya dawo ya zo gida ya gaishe da yayarsa, ya same ni a zaure ya zauna. Bayan gaisuwa ya ce, "Ka gaya mata?" Na ce, "Na gaya mata." Ya sunkuyar da kai ya ce madalla. Ban san ko ya yarda ba, kuma ban taɓa samun ƙarfin tambayarsa ba. A watan nan ya toshe tagar wani ɗan ɗaki a gidansa na Gamkalley ya koyi wanki da kansa, hotunansa na farko duk suka yi toka-toka, bai damu ba. Shekara talatin bayan haka yana ce mini Yaya, yana zuwa suna da biki, shi ya ɗauki hoton aurenki ma, Rabi, amma bai sake sa fim a hannuna ba. Mahaifiyarku ta tsare ni ta ce me na yi wa ƙanenta, na ce ta tambaye shi. Ta tambaye shi, ya ce ba komai, aiki ne ya yi wa Yaya yawa. Da mutane suka fara cewa ya yi mini butulci ya ji, bai kare kansa ba, ni ma na yi shiru ina jin daɗi. Ku kai wa 'ya'yansa wannan takarda su karanta, ba sai kun ƙara komai a kai ba.

Yarinyar nan da aka haifa a filin, in tana raye, yanzu ta yi jikoki. Ban san sunanta ba, ban san garinsu ba. Na tabbata uwarta ta gaya mata cewa ubanta ya sa an jingina shi da zana, ya cire hula, ya zauna domin ta, kuma hotonsa yana can Yamai wurin wani mai hoto da ya yi musanye, wata rana za a kawo.